Hotuna 214 na tura musu, wai ba rahoto ba ne

Mai Famfo: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara kafin raina ya ƙara ɓaci in je in yi wa wasu rashin kunya. Sati uku ke nan da na gama wani aiki, canjin bututun ruwa ne gaba ɗaya a wani gini mai banɗaki takwas, da ɗora tanki, da jan layin da ya tafi sokawe. Aiki ya yi kyau, ruwa na zuwa ko'ina, ba inda ke yoyo. Da na je neman cikon kuɗina sai aka ce sai na kawo rahoton hotuna na aikin da na kammala. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, a daren na zauna na tura wa jami'in ofishin da ya ba ni aikin duk abin da ke wayata ta WhatsApp, hotuna 214, har data ta ƙare min. Washegari ya kira ni wai wannan ba rahoto ba ne, tarin hotuna ne. To ni dai ban gane ba, hoto ba hoto ba ne? Ko dai dabarar riƙe min kuɗi ce kawai aka samo?

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Yaro sai haƙuri, zamani ne ya zo da haka. Mu da muka fara aiki mai gini da ƙafarsa yake zuwa, ya murɗa famfo ya ga ruwa, ya ƙwanƙwasa bango ya ji sauti, shi ke nan a sallame ka. Yanzu wanda bai taɓa riƙe sifana ba shi ne zai zauna ƙarƙashin fanka yana cewa hotonka bai yi ba.

Anti Mai Fayil: Baba ina wuni, ni ce dai mai zaman ƙarƙashin fankar, a yafe mana. Ba ofishin da Mai Famfo ya yi wa aiki nake ba amma irin wannan fayil ɗin shi nake dubawa kullum, kuma wallahi da ni aka turo wa 214 ɗin nan ni ma mayarwa zan yi. Ƙanina ka tsaya ka shiga takalmina na minti biyu. Na buɗe waya, hoto na farko farin bututu jikin bango, na biyu farin bututu jikin bango, na tamanin da bakwai ma haka, sunan kowanne IMG da wasu lambobi da WA0087 ko makamancin haka. Wanne ne banɗaki na uku? Wanne ne kafin aiki wanne ne bayan aiki? Kai ka sani don kai ka tsaya a wurin. Ni ban taɓa zuwa ba, oga na da zai sa hannu bai taɓa zuwa ba, mai binciken kuɗin da zai zo bayan shekara biyu ya zaro fayil ɗin kuwa wataƙila lokacin ni ma an canza min wurin aiki, ba wanda zai tambaya sai takardar.

Mai Famfo: To Anti ai sai ya kira ni in yi masa bayani ɗaya bayan ɗaya, ba zan ƙi ba.

Anti Mai Fayil: Bayanin bakinka ba ya shiga fayil. Wancan bayanin da za ka yi masa a waya, shi ake so ka rubuta a ƙarƙashin kowane hoto. Rahoton ke nan fa, ba wani abin tsoro ba ne.

Injiniya: Bari in ɗan tsawaita, a yi haƙuri da ni. Mai Famfo ɗauko takardar da aka ba ka aikin da ita, wadda aka jera abu na 1 kaza, abu na 2 kaza da adadinsa. Ita ce ƙashin bayan rahotonka, kada ka jera hotuna yadda suka zo a wayarka, ka jera su yadda aka jera aikin a takarda, saboda mai dubawa takardar ce a hannunsa na hagu rahotonka a na dama, yana bi yana sa alama. In abu na 4 shi ne tanki to a rahotonka ma sashe na 4 tanki ne. Shafin farko ba hoto ake cika shi da shi ba, sunan aiki, wurin aiki, lambar takardar aiki in akwai, ranar farawa da ranar gamawa, da sunan wanda ya haɗa rahoton. Shafi na biyu in za ka iya ka zana ginin ko da biro ne, ka sa wa banɗakunan lamba 1 zuwa 8, ka ja layi inda bututun sokawe ya bi, ka ɗauki hoton zanen ka saka. Wannan zanen na biro ya fi hotuna hamsin amfani, don daga shi mutum zai san inda yake tsaye.

Sai kowane sashe. Ni hoto uku nake nema a kowane wuri. Ɗaya daga nesa, wanda zai nuna ɗakin duka har da ƙofa ko taga, don a gane ina ne. Ɗaya daga tsakiya, wanda ya nuna aikin kansa daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Ɗaya kuma kusa sosai, mahaɗar bututu, ko rubutun da kamfani ya buga a jikin bututun mai nuna girmansa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne na kusan kawai yake ɗauka, don shi ne abin da yake alfahari da shi, amma mahaɗar bututu a banɗaki na 2 da ta banɗakin wani gini daban ai kamarsu ɗaya.

Ɗan Sola: Injiniya a ƙara da maganar tsayuwa. Hoton kafin aiki da na bayan aiki a wuri ɗaya ake tsayawa a ɗauka, tsayi ɗaya, fuska ɗaya. Ni har alli nake sawa a ƙasa inda na tsaya ranar farko. In ka ɗauki na farko daga bakin ƙofa na ƙarshe daga lungu, mai kallo sai ya yi ta juya takarda yana neman abin da ya haɗa su.

Mai Famfo: Allah ya saka. Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Na koma na duba wayar yanzu, hotunan kafin aiki banɗaki uku kawai na ɗauka, shi ma don in nuna wa mai shagon kaya irin tsohon bututun ne. Layin sokawe kuma akwai hoton rami ana haƙawa, akwai hoton bayan an rufe an share wuri tas, amma hoton bututun kwance cikin ramin babu ko ɗaya. Ranar hadari ne ya taso muka yi ta sauri a rufe kafin ruwa ya cika ramin, wa ke tuna waya.

Injiniya: Inna lillahi. To wannan ɗayan da babu shi ne ya fi duka 214 ɗin daraja. Famfo da tanki duk wanda ya je yau zai gan su da idonsa, ba sa buƙatar shaida. Abin da ƙasa ta rufe ko filasta ta rufe ko kankare ya haɗiye, shi ne hoto ke tsaya masa.

Mai Wayarin: Ni wannan darasin a jikina na koye shi. Wani gida na yi wa wayarin, bayan kusan shekara mai gidan ya sa a kafa masa talabijin a bango, mai kafawa ya huda ya ci karo da waya, wuta ta ɗauke rabin gida. Aka kira ni ana ta faɗa wai na bi da waya a karkace inda bai kamata ba. Allah ya taimake ni ina da hoton bangon kafin filasta, bututun wayar ya sauko miƙe daga sama zuwa soket, ga tef na awo a jiki an ja shi daga kusurwa ana ganin lambar. Na buɗe na nuna, kowa ya yi tsit, ashe mai hudar ne ya huda daidai saman soket. Tun ranar ba bangon da nake bari a yi wa filasta sai na bi shi kaf da waya, kuma tef ɗin nan dole ya fito a hoton, don hoto ba tef ba ya faɗin nisa ko zurfi, rami mai zurfin gwiwa da mai zurfin ƙugu duk ɗaya suke fitowa in daga sama ka ɗauka.

Baba Magini: Duk wannan fa rashin yarda ce ta kawo shi. Da can kalmar mutum ta isa.

Mai Wayarin: Baba da girmanka, rantse ba ka sa yaranka su ɗauki hoton rodi kafin a zuba kankaren dakin, wato rufin siminti.

Baba Magini: Kai yaron nan ba ka da ta ido. Ina sawa mana, amma ni ba don ofis nake yi ba. Wani ne ya taɓa cewa na rage masa rodi a fila, kankare kuma ya riga ya bushe, in ba fasawa za a yi ba ba yadda zan wanke kaina, na kwana biyu abin na ci na. Shi ya sa yanzu kafin kafinta ya rufe katako sai yaro ya ɗauka, a ga adadin rodin a ga tazarar zoben. Amma a wayar yake zama, ba na wani jera shi a takarda.

Anti Mai Fayil: To Baba ai rabin rahoto kake yi ba ka sani ba. Ranar da wayar ta faɗa cikin durom ɗin ruwa fa?

Baba Magini: Bakinki ya sari ɗanyen kashi.

Ɗan Sola: Hhhh. Maganar waya ta tuna min, Mai Famfo kada ka kuskura ka goge na cikin wayarka da sunan ai ka tura. Waɗanda ka tura ta WhatsApp ba su ne na asali ba. Kowane hoto da waya ta ɗauka akwai bayanai ɓoye a cikinsa da ake kira EXIF, ranar da aka ɗauka da lokaci da irin wayar, har da wurin GPS in ka kunna wa kyamara izinin wuri. In ka tura shi a matsayin hoto WhatsApp na matse shi ya rage girmansa kuma ya cire waɗannan bayanan, kwanan watan da ke jikin sunan fayil ɗin a wayar wanda ya karɓa ma na ranar turawa ne ba ranar ɗauka ba. In kana so ya isa yadda yake sai ka tura shi a matsayin dokumen. Haka sikirinshot, shi ma sabon hoto ne, ranar da ka yi sikirinshot ɗin zai ɗauka. Ni dai shawarata kowa ya sauke manhajar nan mai buga kwanan wata da lokaci da GPS a fuskar hoton, irin su Timestamp Camera, magana ta ƙare ba mai musu da kai.

Injiniya: A nan ne zan saɓa maka Ɗan Sola. Ina amfani da ita ni ma, amma kada mu ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Agogon waya mutum ke saita shi, EXIF ma akwai manhajojin da ke canza shi cikin minti ɗaya. GPS na waya kuma a fili ƙarƙashin sarari kuskurensa kan kai wajen mita biyar, cikin gini ya fi haka lalacewa, to ta yaya zai raba maka banɗaki na 3 da na 4 da bango ɗaya ne tsakaninsu? Zai nuna kana harabar, iyakarsa ke nan. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne ka riƙa tura hotunan ranar a ranar, ta imel, ga wanda ke kula da aikin. Lokacin da ke kan imel ɗin ba kai ka rubuta shi ba, kuma kofi na hannun wani. Sannan ɗan allo ko kwali ka rubuta Banɗaki 3 da kwanan wata ka jingine a cikin hoton farko na kowane ɗaki, tsohuwar dabara ce amma har yau ba ta mutu ba.

Ɗan Sola: Kwali ma ai ana iya rubuta ƙarya a kai Injiniya.

Injiniya: Ƙwarai. Ba wai ya hana ƙarya ba ne, ni yake taimaka wa ranar da zan zauna tantance hotuna ɗari uku, ina ganin kwali na san duk na bayansa na ɗakin ne har sai wani kwalin ya fito.

Anti Mai Fayil: Ni ina son mai kwanan wata a jiki, yana rage min aiki. Abin da ba na so shi ne wanda taswira da rubutu suka cinye kwata na hoton, wani lokacin ma daidai kan abin da ake so a gani. Ku rage shi ya koma ɗan layi a ƙasa. Kuma tunda an zo maganar ƙarya bari in faɗa muku, mun fi kama mutane da ido fiye da wata na'ura. An taɓa kawo min rahoto ɗakuna shida, ina dubawa sai na ga tayil ɗaya mai tsagewa a kusurwa kusa da magudana, na juya shafi ga shi kuma a ɗaki na gaba, da wani shuɗin bokiti mai karyayyen hannu, shi ma yana bin mu ɗaki ɗaki. Ɗaki ɗaya aka ɗauka ta fuska daban daban. Abin haushin da aka je dubawa an yi aikin duka shidan fa, kasala ce kawai ta hana shi zagayawa, amma daga ranar duk takardar da ta fito daga hannunsa sai an bi ta da tsinke.

Ɗan Kwangila: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Shawara ɗaya zan ba Mai Famfo, duk hoton da ya nuna matsala cire shi. Yoyo, fasasshen tayil, wurin da aka sake, kada ko ɗaya ya shiga. Rahoton kammala aiki ne ba rahoton tonon asiri ba, kai da kanka za ka miƙa musu sandar dukanka?

Hajiya Mai Fenti: Alhaji ban yarda ba gaskiya. Ni in na tarar da bango yana da danshi ko tsagewa kafin in fara, shi ne ma hoton da nake fara sawa, da bayani a ƙasa cewa haka na same shi kuma na sanar ranar kaza. In fenti ya ɓanɓare bayan wata shida wa za a kira? Ni. In ba hoton nan sai a ce kayan banza na sa.

Ɗan Kwangila: Hajiya wannan daban, laifin da kika tarar ne. Ni ina maganar laifin da kai ka yi ka gyara. Me ya kawo shi cikin rahoto bayan an gyara?

Injiniya: Ya danganta Alhaji. In kai ka gani ka gyara kafin kowa ya sani, ba dole ba ne, ajiye shi a folda. Amma in mai duba aiki ya gani ya rubuta, to dole hoton gyaran ya shiga, gefe da gefe da na matsalar, in ba haka ba a takarda matsalar tana nan a buɗe har abada. Inda na ja layi shi ne taɓa hoton kansa. Ƙara haske don a ga lungu ba laifi, yanke gefe ba laifi, amma wayoyin yanzu masu goge abu daga hoto da yatsa ɗaya, ranar da ka goge tabon yoyo ka tashi daga mai rahoto ka koma wani abu daban. Kuma ko haske ka ƙara, a kan kofi za ka yi, na asali ya zauna yadda yake.

Ɗan Kwangila: Na ji ta gogewa, wannan ko ni ba na yi. Amma sauran ina nan kan bakata.

Hajiya Mai Fenti: Wani abin kuma da ba a faɗa ba, ku riƙa duba bayan hoton kafin ku danna. Lebura ba hula ba takalmi yana tsaye kan durom, buhunan siminti a warwatse, yaran masu gida suna leƙe. Kai bututu kake kallo, mai dubawa duk hoton yake kallo. Hoton ƙarshe a share wuri tukuna. Sannan goge gilashin kyamara da gefen riga, wayar da ta wuni a aljihun mai aiki duk hotonta kamar an ɗauka cikin hazo. Kada ka ɗauka kana fuskantar taga, bangon zai fito baƙi, ka juya wa taga baya. Kuma in za ku sa hoton aiki a Facebook don talla ku nemi izinin mai wuri, gidan mutum ne.

Mai Famfo: Kai jama'a na gode, kaina har ya yi nauyi. To a aikace yanzu, da me zan haɗa? Ina da tsohuwar laftof amma ban iya komai ba sai Word.

Ɗan Sola: Word ɗin ya isa. Amma fara da folda kafin ka buɗe shi. Kwashe hotunan daga waya da kebul, folda ɗaya ka sa mata suna asali kada ka taɓa ta, ka yi kofi ka yi aiki a kan kofin. A ciki folda folda bisa sassan takardar aiki. Sunan fayil ka fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-12 sai banɗaki3 sai lamba, wannan tsarin rubuta kwanan wata na duniya ne da ake kira ISO 8601 kuma amfaninsa kwamfuta da kanta za ta jera maka su bi da bi. Lamba kuma 01, 02, 03 ba 1, 2, 3 ba, don wasu wuraren 10 kan tsallako gaban 2. Kada ka sa alamar / ko : a suna, Windows ba ya karɓa. A Word ka yi tebur mai gida biyu, hoto a sama bayani a ƙasa, in ba tebur kana ƙara layi ɗaya hotuna za su yi ta tsalle suna canza shafi har ka ji kamar ka jefar da laftof ɗin.

Injiniya: Hoto huɗu a shafin A4 ya yi, in akwai rubutun jikin bututu ko geji da ake so a karanta to biyu. Kuma ka kula da nauyi. Kyamara mai megafiksel 12 hotonta 4000 ne a 3000, kowanne nauyinsa megabait uku ko huɗu ko fiye, ka zuba hamsin a Word ka haura mega 150, Gmail kuma mega 25 ne iyakar abin da yake ɗauka a maƙale. Alhali faɗin A4 duka milimita 210 ne, hoton da zai zauna a faɗin santimita 9 ko bugawa za a yi da kyau fiksel dubu da ɗan kai ya ishe shi. Akwai wurin matse hotuna a cikin Word, in ka danna hoto zai fito a sama, ka matse duka sannan ka fitar da shi PDF. PDF za ka tura ba Word ba, don a kowace kwamfuta yadda ka tsara haka zai buɗe. Na asalin kuma ka ɗora a Google Drive, giga 15 suke bayarwa kyauta, ka sa mahaɗin a shafin ƙarshe ga mai son ya zuƙo.

Mai Wayarin: Masu iPhone kuma a kula, tun iOS 11 a 2017 hotunansu HEIC suke fita ba JPEG ba, wata kwamfutar ba ta buɗewa sai an ƙara mata wani abu. Na taɓa tsayawa a ofis ana ta danna fayil yana ƙi kamar ni na lalata shi. A saitin kyamara ana mayar da shi JPEG.

Mai Famfo: Bayanin ƙasan hoton fa, me zan rubuta? In ce aikin famfo?

Anti Mai Fayil: A'a don Allah, wannan shi ne ke sa ni ciwon kai. Aikin famfo, aiki na tafiya, an kammala. Ai na san aikin famfo ne tun daga bangon rahoton. Rubuta kamar haka: Hoto 12, banɗaki na 3, bangon da ke fuskantar ƙofa, sabon bututun roba na PPR milimita 25 daga bawul zuwa shawa kafin filasta, sai kwanan wata. Layi biyu ya isa. Lambar hoton kuma ta tafi a jere daga farko har ƙarshen rahoto, don in na kira ka in ce duba hoto 12 mu duka mu san abin da muke kallo. Kuma kada ka yabi kanka a ciki, an yi shi da inganci sosai, bar ni in gani.

Mai Famfo: To layin sokawen da ba hoto fa? Akwai wani aiki da na yi bara, irin bututun ne sak inci 4, ramin ma kusan ɗaya...

Injiniya: Kul. Ko a mafarki.

Anti Mai Fayil: Ka manta shuɗin bokiti ke nan tun yanzu?

Mai Famfo: Wasa nake wallahi, na dai faɗa ne in ji.

Injiniya: Rubuta gaskiya, ba a ɗauki hoton bututun kafin rufewa ba saboda ruwan sama. Ka sa na haƙa da na rufewa, ka buɗe murfin ramukan duba bututu, wato chamba, na farkon layi da na ƙarshe ka ɗauki bakin bututun da tef a kai, ka sa a zuba ruwa daga sama ka ɗauka yana fitowa a ƙasa. Sannan kai da kanka ka ce a shirye kake ka tone wuri ɗaya ko biyu da suka zaɓa. Wanda ya ce a zo a tone ba kasafai ake zarginsa ba.

Baba Magini: Ka ga da ka ɗauki hoton minti ɗaya da yanzu ba ka neman diga.

Mai Wayarin: Yau kuma Baba ne ke wa'azin hoto, Allah mai iko.

Mai Famfo: Jama'a na dawo, kwana huɗu ban leƙo ba. Daga 214 na tace sun koma 46, shafi 14 har da zanen biro. Banɗakunan da ba ni da hoton kafin aiki na rubuta babu. Sun ce a tone wuri ɗaya, jami'in da kansa ya nuna inda yake so, muka tona ga bututu kwance, na ɗora tef na ɗauka daga nesa da tsakiya da kusa har yana dariya. Ya karɓi rahoton ya ce zai wuce da shi sama. Na tura wa Anti kofi ta akwati ta duba min ko da gyara.

Ɗan Kwangila: Hoton yoyon da ka gyara a bawul ɗin tanki, ka sa ko ka cire?

Mai Famfo: Na sa Alhaji, don jami'in ya gani da idonsa ranar gwaji.

Ɗan Kwangila: To Allah ya sa kada su riƙe ka da shi.

Anti Mai Fayil: Na duba ƙanina, ya yi kyau sosai, da irinsa ake kawo min da na daina shan maganin ciwon kai. Amma buɗe shafi na 9. Hoto 31 ka rubuta banɗaki na 5, lambar da ke jikin ƙofar a cikin hoton kuma 6 ce. Kira jami'in yanzu kafin fayil ɗin ya bar teburinsa.